Bugun Zuciya a Faranti

Aikin Auta renon ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙananan farantan roba. Daga tayin ɓera aka samo su, tun ba su zama komai ba, ba ƙashi, ba jini, ba fata. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gina jiki gaba ɗaya. Sai an rufe bakin wasu umarnin, an bar wasu suna magana, sannan take kama hanya guda, kuma ba ta waiwaye. Auta so take nata su zama naman zuciya.

Yayanta tela ne. Ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibitin da ke tsallaken titi da ɗakin bincikenta, a bakin gadonsa kuma ta yi masa wannan bayani.

"Ashe yadi ne," in ji shi. "Kafin almakashi ya shiga, riga ne, wando ne, labule ne. Da an yanka, magana ta ƙare."

"Haka ne, Yaya."

"To me ya hana ki yankawa? Ko ke ma irinmu ce, 'yan dawo gobe?"

Ba ta ɓoye masa ba, aikin nan ba zai warkar da shi ba. Ya ce ya sani. Shi dai burinsa ya ga zuciyar da ba ta gaji ba tana bugawa, ko da a faranti ne. Ta yi masa alkawari.

Ƙwayoyin ba su san hutu ba. Kullum sai an zuƙe ruwan jiya da ya koma rawaya, an zuba musu sabo ja, in ba haka ba su lalace. Ranar da numfashin Yaya ya yi nauyi, Auta ta zauna riƙe da hannunsa tun safe har rana ta karkata.

"Kin ba 'ya'yanki abinci?"

"Rabu da su, Yaya."

"Ji uwar banza! Tashi ki je. Ina za ni da wannan tiyo a hanci?"

Matarsa ta gyaɗa mata kai. Auta ta tsallaka titi, ta sa safar hannu, ta canja ruwan, sannan ta ɗora faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa don ta duba kawai.

Can a gefe, wani ɗan curi ya motsa. Ya tsuke, ya saki. Ya sake tsukewa.

Ta kanga wayarta a bakin madubin don ta ɗauko masa hoton bidiyo. Hoton ya fito dishi-dishi. Idon Yaya ya yi rauni, ba zai gani ba, don haka ta sake, ta kuma sakewa, har ya fito tas. Sannan ta kwasa da gudu.

A baranda ta tarar da matar Yaya zaune a ƙasa, tabaransa a cinyarta. An riga an cire tiyon.

Washegari, ba wanda zai ciyar da ƙwayoyin sai ita. Ta shiga ɗakin da kumburarrun idanu, ta zuƙe rawayan, ta zuba jan. Da ta leƙa madubi, curin ya yi 'yan'uwa, sun haɗa kai suna bugawa tare, ba gaggawa, ba gajiya.

Ta daɗe a sunkuye.

"Yaya," ta ce a hankali, "na yanka fa."