Littafin Abincin Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Sau uku ta ƙwanƙwasa kafin ta ji jan takalmi daga ciki. Sikelin da ta rungumo ya fara yi mata nauyi. Saboda shi ne ma abokan aikinta suke kiranta 'Yar Sikeli, don aikinta a binciken rage gishiri ga masu hawan jini bai wuce auna mutane da duba littafin da suke rubuta abin da suka ci ba.

Da safen nan likita ta miƙo mata fayil. "Mai lamba arba'in da ɗaya. Littafinta ya fi na kowa tsari, amma sati biyar ke nan mijinta ne ke kawowa. Ki auno min ita yau. In ba ta aunu ba, a cire ta, ki karɓo mana na'urarmu ta awon jini da littafinmu."

Wani tsoho ne ya buɗe, rigarsa tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"A'a, 'yar asibiti! Shigo, 'yata. Kin zo a daidai, yanzu zan zuba mata."

Falon tsaf yake, shiru kuma har ya yi yawa. Keken ɗinki na gefe, da yadi a ƙarƙashin allura, an tsaya a tsakiyar layi. A bakin ƙofar ɗaki ga takalman mace a jere, gizo-gizo ya yi saƙa a cikin ɗaya.

Tana kallo ya auna shinkafa kofi guda, ganye rabin faranti, kifi gwargwadon tafin hannu. Gishirin ko bakin ƙaramin cokali bai cika ba.

"Baba, Mama fa?"

"Tana ciki. Kin san ta da mita. Wai kun mai da ita akuya, kullum ganye."

'Yar Sikeli ta yi dariyar yaƙe. Ya shige da tiren, ya turo ƙofa.

Can ta fara jin ƙarar cokali a kan faranti, a hankali, a hankali. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa: "Daure ki ƙara loma ɗaya." Ta kasa kunne. Ba wanda ya amsa. Cokalin ya ci gaba.

Littafin yana kan tebur. Ta buɗe, ta koma shafukan baya. Rubutu ne ƙanana masu kyau har zuwa wata Laraba: shayi ba sukari da safe, layin rana kuma fayau. Shafi biyu babu komai. Daga nan sai wani rubutu daban, manya-manya, a karkace.

Ta ɗauki littafin. Ta yi sallama, ta tura ƙofar.

Gadon a gyare yake, ba kowa a kai. Tsohon na zaune a kujera kusa da matashin kai, tire a cinya, na'urar awon jini ɗaure a damtsensa tana huci.

"Ranar Larabar da rubutunta ya tsaya ta rasu," ya ce, bai ɗago ba. "Kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Sai na ga littafin a buɗe. Ita kuwa ba ta barin layi, wai likita za ta yi faɗa." Ya juya cokalin. "In na dafa don kaina, ba ya wuce maƙogwaro. In nata ne, yana wucewa."

Na'urar ta yi ƙara. Ya miƙo hannu, ta ba shi littafin, ya rubuta lambar a ƙarƙashin sunan matarsa. Sannan ya manna shi a ƙirji.

"Karɓa kika zo yi?"

Wayarta ta ɗauki ruri. Likita ce. "Kin same ta? Nawa nauyin?"

'Yar Sikeli ta dubi tsohon. "Likita, Allah ya yi mata rasuwa. Amma ga wani nan, sati biyar yana bin tsarinmu ba kuskure. Ki ajiye min sabon fom da sabon littafi. Na'urar zan bar ta a nan."

Ta kashe wayar kafin a yi mata tambaya, ta durƙusa ta ajiye sikelin.

"Baba, cire takalmi ka hau. Wancan littafin kuma riƙe abinka."

Bai motsa ba. Ya juya ya dubi matashin kan matarsa, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraro. Ya jima a haka, sannan ya gyaɗa kai.

"Ta ce in hau."

Sai 'Yar Sikeli ta tsinci kanta tana janye sikelin daga gaban gadon, don kada ya tare wa Mama hanya.