Guntun Katako Mai Lamba Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Baba Awo ya yi yana aikin kafinta a kwalejin koyon sana'a. Benci, allo, ƙofa, har kujerar shugaban kwalejin, duk daga hannunsa suka fito. Ɗalibai ne suka laƙaba masa wannan suna, domin ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna sau uku. A shekaru biyun nan na ƙarshe kuwa, aikin da ke gabansa ya wuce benci. Jirgin sama ake haɗawa a babbar rumfar da ke bayan ajujuwa, ƙarami mai ɗaukar mutum biyu, kuma ƙaramar 'yarsa ce ke jagorantar aikin. A gida Auta yake ce mata. A rumfa kuwa Injiniya, kamar yadda kowa ke cewa.

Sun raba aikin gida biyu. Ƙasusuwan jirgin na katako ne, wani farin katako marar nauyi da ake kawowa daga nesa, kuma wannan ɓangaren na Baba Awo ne. Fatar jirgin kuwa ta yadin zaren gilashi ce, wanda ake shimfiɗawa falle a kan falle, a jiƙe shi da gam mai kauri, idan ya bushe ya yi tauri kamar ƙarfe. Wannan na Injiniya ne da ɗalibanta. Kullum suna tsokanar juna.

"Ke da zannuwanki," in ji shi. "Da kin faɗa mini ɗinki za ki yi, ai da na bar ki wajen mamanki."

"Kai ma da itacenka, Baba. In babu zanena, iska za ta bi ta haƙarƙarinka ta wuce."

Akwai wata ƙa'ida a rumfar. Duk lokacin da aka dama gam aka haɗa wani sashe na jirgin, sai a ɗauki guntayen katako biyu a manne su da ragowar gam ɗin nan, a matse su daidai yadda aka matse aikin, a rubuta lamba. Bayan mako guda a sa a matsin tebur a buga da guduma. Idan katakon ne ya yage, ya bar tsirarrun zaruruwa, gam ya kama. Idan kuwa guntayen suka rabu sumul a kan layin gam, to aikin ranar bai yi ba. An jera guntaye arba'in a kan waya a jikin bango, daga lamba biyu zuwa arba'in da ɗaya, duk katako ne ya yage. Lamba ɗaya ce kawai ta ɓata tun makon farko. An nema har an gaji. Injiniya ta duba haɗin da aka yi a ranar, ta ga layinsa tsaf, ta rubuta a littafin aiki cewa ba a samu guntun ba.

Saura kwana uku sufeton jiragen sama ya zo ya duba jirgin, saura kwana goma a tashe shi a gaban baƙi, aka shiga sharar rumfa. Baba Awo ya je rufe ƙaramar ƙofar baya, ta ƙi motsi. Ya duƙa ya zaro abin da aka tokare ta da shi. Guntun katako ne da ya yi baƙi da ƙura. Ya goge da gefen rigarsa, sai ga rubutun fensirinsa: lamba ɗaya.

"Mai gadi! Ina ka samo wannan?"

"Wannan? Ai ya daɗe, Baba. A ƙasa na tsince shi. Duk katakon da na gwada ƙofar nan tana tofar da shi, wannan ne kaɗai ta yarda da shi. Don Allah a dawo mini da abina."

Baba Awo ya yi dariya ya wuce. Kowa ya tafi cin abincin rana, rumfar ba kowa. Ya sa guntun a matsi don dai a cika lissafi, ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba.

Guntun ya rabu biyu sumul, kamar an buɗe littafi.

Ya ɗauki ɓarin biyu ya kai bakin taga. Fuskokinsu a bushe suke, babu ko zare ɗaya da ya yage, gam ɗin ma da kyar ake ganin alamarsa. Nan take ya gane abin da ya faru. A ranar farko Injiniya ta tafi karɓo yadin gilashi, ta bar masa takardar yadda ake dama gam. Ya dama daidai. Amma da ya zo matsewa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru da gam ɗin kujeru: ya murɗa ƙarfen matsi har iyakar ƙarfinsa. Wannan sabon gam kuwa ba ya son haka. In aka matse shi da yawa, tsiyayewa yake yi ta gefe ya bar haɗin da ƙishi. Sai washegari ta nuna masa haka, ya kuma kiyaye tun daga ranar. Bai taɓa waiwayar aikin ranar farko ba.

Ya san kuma abin da ya haɗa a ranar. Doguwar sandar da ke ɗauke da fiffiken hagu ce, wadda suke kira ƙashin baya. Katakon bai kai tsawo ba, sai ya fere bakin biyu a karkace ya haɗa su. Yanzu haɗin yana can ciki, an rufe shi da falle biyar na yadin gilashi, an goge, an shafa farin fenti mai sheƙi. A ranar tashi kuma, Auta ce za ta zauna a kujera ta biyu kusa da matuƙi.

Ya sa ɓarin biyu a aljihu ya tafi gida kafin a tashi.

Matarsa tana bakin keken ɗinki a tsakar gida, tana haɗa masa sabuwar rigar da zai sa ranar taron. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Maigida, lafiya? Kai da sai an kore ka daga rumfar nan kake dawowa."

Ya zauna a kan benci ya ajiye guntayen a kan teburin kekenta, ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"To idan an ɗora buhunan yashin nan da kuke cewa ana gwada ƙarfin fiffike da su, ba zai nuna ba?"

"Wataƙila ya ɗauka. Yau ya ɗauka, gobe ya ɗauka. Amma jirgi girgiza yake yi, ga zafi ga sanyi. Wata rana zai buɗe."

"Wa ya sani ban da kai?"

"Babu."

"Yanzu akwai ni." Ta cire zare daga bakinta. "Me ke damunka, faɗar ko abin da za a ce?"

"Shekara biyu yarinyar nan ba ta huta ba. An raba katin gayyata. Shugaba ya ce ba a taɓa yin irin wannan ba a kwaleji. Sai kuma a ce tsohon da ke auna abu sau uku, uban mai aikin, shi ne ya ɓata?"

Ta juya rigar da ke hannunta ta nuna masa ciki. "Ka ga wannan hannun? Jiya na haɗa shi a karkace. Da kai kaɗai ne da ba za ka lura ba, don kai in ba katako ba ne ba ka gani. Na farke na sake. Riga ce fa, ba wanda zai faɗo daga cikinta." Ta tura masa guntayen. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sha ruwa ka koma, tun yarinyar ba ta tashi daga aiki ba."

Ya tarar da Injiniya ita kaɗai a ƙarƙashin fiffiken hagu tana goge ƙura da tsumma. Ya miƙa mata ɓarin biyu. Ta juya guntayen, ta ga lambar, ta shafa fuskar da babban yatsa. Sannan ta ɗago.

"Matsi ne, ko Baba?"

"Matsi ne. Hannuna ne."

"Ni ce ban rubuta a takardar ba. Kuma ni ce na yarda aka rufe fiffike ba tare da guntun ba."

"Kar mu tsaya rabon laifi, Auta, ba gado ba ne. Ki ba ni izini in buɗe."

Ta dubi farin fiffiken daga tushe har ƙarshe. Ita da ɗalibanta sun yi mako shida suna goge shi da samfefa. Ta ɗauko alƙalamin zane ta miƙa masa.

"Nuna mini daidai inda yake."

Bai buɗe littafi ba. Ya auna da tafin hannu daga jikin jirgin, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya zana layi. Da aka zo aka yanka fatar washegari, haɗin yana tsakiyar zanen.

Shugaban kwalejin bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya zo rumfar da katin gayyata a hannu.

"Baba, abin nan fa yana nan daram. Ku dube shi! Ba za a tashi sau ɗaya kawai ba, a gyara daga baya?"

"Ranka ya daɗe, kujerar da kake zama a kai ni na yi ta. Ta taɓa kayar da kai?"

"Ba ta taɓa ba."

"To da na san tana da irin wannan haɗin, da ban bari ka zauna ba. Ita kuma tsakaninta da ƙasa taku ɗaya ne."

Baba Awo ya ɗauko siririyar wuƙa ya sa bakinta a kan layin gam, ya ɗan danna. Bakin wuƙar ya shige kamar faɗin yatsa biyu ba tare da wata gardama ba. Shugaba ya dubi wuƙar, ya dubi katin da ke hannunsa, ya sa shi a aljihu.

"Mako nawa?"

"Huɗu," in ji Injiniya.

Baba Awo ya yanke haɗin gaba ɗaya. Ya zaɓi sabon katako, ya bi zarensa da ido daga wannan baki zuwa wancan don ya tabbata a miƙe yake, ya fere bakunan a karkace, doguwar fira mai laushi, har sai da suka kwanta a kan juna ko haske ba ya ratsawa. Da aka zo matsewa ya tara ɗalibai, ya murɗa a hankali, ya tsaya da zarar gam ya fara leƙowa.

"Nan ake tsayawa. Hannu zai ce ku ƙara. Kar ku saurare shi."

Da gam ya bushe, Injiniya ta karɓi aikin. Ta goge gefen ramin da aka yanka a fatar, a karkace ita ma, har falle biyar ɗin suka bayyana ɗaya bayan ɗaya kamar matakala. Sannan ta yanko sabbin yadi, kowane falle ta kwantar da shi zarensa na fuskantar inda na asali ya fuskanta. Baba Awo yana tsaye a bayanta, hannuwa a baya.

"Ashe ke ma fira kike yi. Kuma zanen naki ma yana da zare kamar itace."

"Wa ka ga na koya a wajensa?"

Ya juya ya tafi wai neman fensirinsa, alhali yana maƙale a kunnensa.

Sufeto ya zo a mako na huɗu, mutum marar yawan magana. Ya fasa sabbin guntayen da kansa, katako ya yage ya bar zaruruwa tsaye. Aka kife fiffiken a kan majingina, aka yi ta jera buhunan yashi har suka kai nauyin da ake nema. Fiffiken ya ɗan lanƙwasa, ya yi shiru. Da aka sauke, ya koma daidai inda yake. Sufeto ya buɗe littafin aiki, ya karanta shafin da Injiniya ta rubuta duk abin da ya faru, sannan ya dubi wayar da ke bango. Lamba ɗaya tana can a farkon layi, ɓari biyu ɗaure da zare.

"Wa ya gano wannan?"

"Wanda ya yi shi," in ji Baba Awo.

Sufeto ya dube shi da kyau, ya sa hannu a takarda, sannan ya miƙa masa hannu biyu suka gaisa.

Ranar tashi baƙin ba su kai na gayyatar farko ba, amma ɗalibai sun cika gefen filin. Baba Awo yana tsaye cikin sabuwar rigarsa, matarsa a gefensa tana riƙe da hannun rigar tamau. Farfela ta juya, jirgin ya yi gudu a kan titi, ya ɗaga. Da ya yi nisa sai ya karkata hagu don ya zagayo, dukan nauyinsa a kan fukafukan nan. Kowa yana tafi yana ihu. Shi fiffiken hagu kawai yake kallo, har jirgin ya miƙe.

"Ka saki numfashi mana," in ji matarsa.

"Ke ki saki rigata tukuna."

Da suka sauka, Auta ta fito tana cire hular kunne, ta ratsa mutane ta zo wajensa kai tsaye.

"Baba, ko motsi bai yi ba."

"Na gani." Ya gyara murya. "Zanen naki ma ba laifi."

Ana cikin gaisawa sai ga mai gadi ya matso.

"Baba, an yi lafiya an gama lafiya. To ni fa? Wata guda ke nan ƙofar nan tana bugun mutane."

Baba Awo ya sa hannu a aljihun sabuwar rigar ya fito da wani guntu, an fere shi a karkace, an goge shi sumul.

"Ga shi. Na auna ƙasan ƙofar sau uku."