Shaidar Rissa a Cikin Taurari

A shekarar 1987 aka kawo na'urar farko garin Tanut, cikin akwatin katako, a bayan motar biro, wato ofishin da ke raba wa makiyaya awaki bayan fari. Ma'aikata suna kiranta ordinatar. Mutum ɗaya ne ya iya ta, Lawali ɗan Malam Ila, wanda ya yi karatu a Yamai ya dawo gida. Aikinta ƙidayar dabbobi ne. Amma ƙidaya takan ƙare kafin azahar, injin wuta kuwa sai la'asar ake kashe shi. Da wannan rarar lokaci Lawali ya fara gina wasa a cikinta.

Aghali bai san da wannan ba sai daga baya. Shi makiyayi ne daga kwarin Tarka, farin 1984 ya bar masa taguwa ɗaya tak cikin raƙumansa da 'yan awaki. Kowace kaka yakan sauka gidan Malam Ila, kamar yadda ubansa Rissa ya riƙa sauka wurin Jika, uban Malam Ila. Dabbobinsa su ci kara a gonar gidan su bar taki, shi ya kawo cuku da gishiri ya koma da gero. A zauren gidan akwai tsohon sirdin raƙumi rataye a bango, na Rissa ne. A al'adar mutanen Aghali, muddin sirdin baƙo yana rataye a zauren mutum, nan ne masaukinsa, kuma abin da aka faɗa a ƙarƙashinsa amana ne.

A kakar wannan shekara, bayan an ci tuwon rana, Lawali ya zo ya zauna kusa da shi a zauren.

"Baba Aghali, a ba ni labarin sirdin nan mana."

"Kai da ka yi rarrafe a ƙarƙashinsa?"

"Daga bakinka nake son ji."

Aghali ya ji daɗin tambayar, ko da yake bai nuna ba. Ya gyara rawaninsa ya faɗa masa yadda ya ji daga ubansa. A shekarar babbar yunwa, Jika ya tafi kudu da iyalinsa neman abinci, ya samu gero, ya ɗauki Rissa da raƙumansa su kawo geron gida Damargu. A hanya suka tarar rijiyar da suka dogara da ita ta ƙafe. Mata da tsofaffi suka fara faɗuwa. Rissa ya sauke geron duka a gindin wani gawo, ya cire har sirdinsa, ya ɗora mutane a kan raƙuma, shi ya taka da ƙafa har ya kai su ruwa. Ba wanda ya mutu. Da aka koma ɗaukar geron, wasu mayunwata sun riga su. Sirdin kaɗai aka tarar, shi ne Rissa ya rataye a zauren Jika.

Lawali ya saurara bai katse shi ba. Sannan ya nuna wata alama da aka ƙona a jikin itacen sirdin, ya ce mece ce. Aghali ya share ƙasa da tafin hannu ya zana masa ita da yatsa: ƙafar hankaka, da ɗigo a ƙarƙashi.

"Shaidar gidanmu ce. Ita ake ɗora wa raƙumi a wuya da ƙarfe mai zafi. Duk abin da ke ɗauke da ita, ni ke amsa shi. Ko raƙumi ya ɓace mini shekara guda, in ya shiga gonar mutum, ni za a nema."

Lawali ya daɗe yana kallon zanen.

Bayan 'yan makwanni, ranar kasuwa, Aghali yana taya igiya sai ya ji an kwaɗa kira a bayansa.

"Sarkin Lulluɓawa! Ranka ya daɗe, a ji tausayin talaka!"

Buba ne, direban biro, Bafillace mai yawan tsokana. Mutane biyu da ke tare da shi, su ma ma'aikatan biro, suka fashe da dariya.

"Kai Buba, yau kuma me ka sha?"

"Ni? Jiya mutanenka suka tare ni tsakanin tauraro da tauraro, suka kwashe mini gishiri kaf. Ko buhu ba su bar mini ba. Zo ka gani da idonka, ɗan gidanku ya sa ka a cikin inji."

Aghali ya bi shi, a zatonsa hoto ne.

Ɗakin na'urar ƙarami ne, an rufe tagoginsa saboda ƙura. Lawali ya miƙe da ganinsa, ya ba shi kujera, yana murmushi irin na wanda ake shirin yaba wa. Ya ce sunan wasan Fataken Taurari. A fuskar na'urar, wadda ba ta fi faifan tankaɗe girma ba, akwai ɗige-ɗige kore a kan baƙi. Kowane ɗigo tauraro ne, kowane tauraro da kasuwarsa. Mai wasa yana da jirgi ɗaya, ya sayi kaya a nan ya kai can.

Ya danna maɓalli, wata halitta gajera mai hannu shida ta fito. "Waɗannan su ne Rumbawa. Su ke noma. Taurarinsu duk rumbuna ne, ba sa tafiya ko'ina, kowa wurinsu yake zuwa." Ya sake dannawa. "Waɗannan Gishirawa. Jikinsu gishiri ne, ruwa ya taɓa su sun narke, shi ya sa ba a ciniki da su sai daga nesa, a ajiye kaya a ja da baya. Ga kuma Tsayayyu, masu ƙafa ɗaya, ba sa zama, ba sa barci, su ne alƙalan kasuwa. Da can dukansu Rana guda suke zagayawa, suna jin maganar juna. Sai shekarar da Rana ta Mutu, kowa ya watse."

Aghali ya yi dariya a kan Gishirawa. Ya ce ya san wasu mutanen Bilma da suka yi kama da su. Abin ya burge shi, har ya matso da kujerarsa.

Buba ya karɓi maɓallan ya ɗora wa jirginsa gero daga tauraron Rumbawa ya kama hanya. Bai yi nisa ba na'urar ta yi ƙara. Wasu jirage dogaye suka fito daga gefe suka kewaye shi. Sai wata fuska ta cika allon, a naɗe, ido kawai ake gani. A gefen kowane jirgi, da koren layi, akwai ƙafar hankaka da ɗigo a ƙarƙashi.

"Ga su nan!" in ji Buba. "Ɓarayin sama!"

Aghali bai motsa ba. Ya nuna rubutun Faransanci da ya fito a ƙasan fuskar. "Me aka rubuta nan?"

"Tarihinsu ne kawai, Baba," in ji Lawali. "Lulluɓawa ke nan, ba su da tauraro, a cikin jirage suke haihuwa suke mutuwa. Su suka san hanyoyi."

"Karanta duka mana," in ji Buba. Sai shi ya fassara da kansa, yana bin layin da yatsa. A shekarar da Rana ta Mutu, Rumbawa suka ɗauki wani Balulluɓe ya yi musu jagora da hatsinsu. A tsakiyar duhu ya ce jiragen sun yi nauyi, a sauke hatsin a ceci mutane. Ya kai su gida, suka yi masa godiya. Sannan ya koma shi kaɗai ya kwashe hatsin. Tun daga ranar Lulluɓawa suke sauka gidajen Rumbawa a matsayin baƙi, kuma mai hankali ba ya juya musu baya.

Dariyar ma'aikatan ta tsaya da suka ga fuskar Aghali. Ya ce su ba shi wuri da Lawali. Suka fita.

"Lawali, shaidar wa ke jikin jiragen nan?"

"Baba, wasa ne. Babu Lulluɓawa a duniya. Alamar ce ta yi mini kyau."

"Buba bai kira ni sarkin Gishirawa ba."

"Ai ka san Buba."

"Na san shi. Kuma ya san wuyan taguwata, duk kasuwa ta san shi. Na faɗa maka abin da ke ɗauke da wannan shaida ni ke amsa shi. Yanzu jiragena suna fashi kullum daga azahar zuwa la'asar, kuma ban san inda zan je in kamo su ba. Cire ta."

Lawali ya ce zai cire a wannan na'ura. Amma ya riga ya kwafi wasan a faifai ya aika wa abokansa a Damagaram da Agadas, su ma ƙila sun ba wasu. Ya faɗi wannan yana kallon maɓallan.

"To labarin fa? Na ba ka shi a miƙe a ƙarƙashin sirdi. Wa ya ce ka karya masa wuya?"

"Da farko yadda ka faɗa na rubuta. Ba wanda ya so wasan, babu abin tsoro a hanya."

"Sai ka ƙaga wa ubana sata."

Lawali ya ɗaga kai. Saurayi ne da bai saba a tsare shi ba, kuma ya gaji da tsayuwa a matsayin mai laifi.

"Ban ƙaga ba, Baba Aghali. Haka ake faɗarsa a gidanmu. In kun tafi."

Injin wuta yana ta ruri a bayan ginin. Aghali ya tashi, ya mayar da kujerar inda aka ɗauko ta, ya fita.

Ya tarar da Malam Ila a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Suka gaisa cikakkiyar gaisuwa, gida da dabbobi da gajiya, babu abin da Aghali ya tsallake. Sannan ya zauna ya maimaita abin da Lawali ya faɗa, kalma bayan kalma, ya ce yana so ya ji ko gaskiya ne.

Malam Ila ya ajiye hauyar. "Yaran zamani ba su da linzami a baki. Bar ni da shi."

"Ba bakinsa na zo tambaya ba, mai gida."

"Haba Aghali. Maganar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya?"

"Ita."

Tsohon ya shafa gemunsa. Ya ce Rissa ya ceci mutanen gidan nan, wannan ba mai musu, uwarsa tana cikin waɗanda aka ɗora a raƙumi. Amma Jika yakan ce, washegarin isowarsu Rissa ya fita da raƙumansa da sassafe, ya ce kiwo zai kai su. Kuma a wannan shekara, da mutane ke cin ganye, iyalin Rissa ba su rame ba.

"Nonon taguwa suka sha."

"To, Allah ne masani. Mu dai ba mu taɓa faɗa a waje ba. Kuma ba mu taɓa hana ku masauki ba. Ka taɓa ganin canji a fuskata?"

Aghali ya yi tunani, don tambayar ta cancanci a yi mata tunani. Bai taɓa gani ba. Ya tuna kowace kaka da ya yi a zauren nan tun yana bin ubansa, da yadda Rissa yakan ɗaga ido ya kalli sirdin kafin ya zauna. Ya tuna kuma cewa duk shekara, in za a auna masa gero, Malam Ila da kansa yake shiga rumbu, shi kuwa a bar shi a waje da tabarma. Da yana ɗaukar wannan girmamawa ce.

Ya miƙe ya kai hannu bango. Igiyar da aka rataye sirdin ta bushe ta manne da maratayin, sai da ya sa wuƙa.

"Aghali, me kake yi haka? Don wasan yara?"

Balki, matar Malam Ila, ta leƙo da ƙwaryar fura kamar yadda take yi kullum in baƙon ya dawo daga kasuwa. Ta ga sirdin a hannunsa ta tsaya.

"Sannu, Balki. Allah ya saka da alheri," in ji Aghali. Bai karɓa ba.

Sirdin ya tsufa, ba ya hawuwa. Ya ɗaure shi a bayan nasa, ya fitar da awakinsa daga gonar tun karan bai ƙare ba, ya bi hanyar Belbeji.

Lawali ya cika alkawarinsa, ya cire shaidar daga na'urar Tanut, ya sa da'ira a madadinta. Tarihin Lulluɓawa kuwa ya bar shi yadda yake. Buba ya kai wa Aghali labarin a kasuwar Belbeji, wannan karon ba tsokana. Aghali ya tambaye shi na Damagaram da Agadas fa. Buba ya ce waɗannan suna nan yadda suke.

Kaka ta gaba Aghali ya sauka a bayan garin Belbeji, a fili, ba gidan kowa ba. Sirdin yana cikin bukkarsa, a ƙasa.