Wayar Mai Takaba

Tun da Konadu ta ga hotonta a shafin da ba nata ba, zama ya gagare ta. Zannuwan makoki take sayarwa ta waya a Kumasi, ja da baƙi, shekara shida ba wanda ya taɓa kuka da ita. Yau ga wani ɗan iska ya kwafe shafin kaf, har da murmushinta, yana tura wa masu sayayya saƙo wai an rage farashi, su latsa su sa lambar sirri a mayar musu da rara.

Ta bar shago a buɗe, tana kai da komo a bakin titi tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka gode. Wani malamin makaranta kuwa ya wanke ta tas, don shi an riga an kwashe kuɗinsa. Layin Maame Dufie, wata tsohuwa mai sayayya a wurinta, shi ne ya ƙi shiga. Mijin tsohuwar ya rasu, Asabar za a binne shi, kuma duk gudummawar da dangi suka turo tana cikin wayarta.

Konadu ta faɗa motar Ejisu, garin tsohuwar. Direban ya rantse ba zai tashi ba sai ta cika, Konadu ta biya kujeru uku don haushi, tana ta sake kira har yatsanta ya yi zafi.

Ta tarar da Maame Dufie a kan tabarma cikin baƙaƙen kaya. Ƙanwar mamacin, Anti Ohenewaa, tana zaune a ƙofa da wayar ɗaure a bakin zaninta, a kashe. A gidansu mai takaba ba ta taɓa waya sai an binne, in ji ta, amma tun safe tsohuwar nan ta hana ta sakat, wai an karanta mata saƙon Konadu na rage farashi kafin a kashe, sai ta amsa.

Konadu ta durƙusa gaban tsohuwar. Ta bayyana komai, ta ce ɓarawo ne, ba ita ba ce.

Maame Dufie ta dube ta, ta ce:

"To ni ina zan sani, 'yata? Fuskarki ce a jiki. Da wannan masifaffiyar ta ba ni wayar, da tuni na tura. Ke za ki nemi abu in tsaya tambaya?"

Tsoro ya kama Konadu fiye da na ɗazu. Ta ciro wayarta, da sauran mutum arba'in da ba ta kira ba, kuma duk haka suka yarda da ita.