Hoton Baba Buraima

Ana cikin ɗora ruwan wankan gawa Afa Fataw, limamin unguwarmu, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Wanene nasa a nan?"

Muka dubi juna. Baba Buraima ya daɗe yana haya a ɗakin ƙarshe na gidanmu a Sakasaka, yana ɗinkin takalma a bakin titi. Kullum ni ke zuba masa koko da safe, kuma ni na same shi a kwance babu rai, da kokon jiya bai sha ba. Amma ko garinsu ban sani ba. Ba ya hira, ni kuma ba na roƙon mutum ya yi mini magana.

"Ba a sa mutum a ƙasa danginsa bai ji ba," in ji Afa. "Amma rana ya yi zafi. La'asar za mu tafi."

Babu waya a ɗakin, babu hoto ko ɗaya. Sai wani ya ambaci Yazeed, mai yawo da kyamara a wuya yana ɗaukar mutanen da bai sani ba. Ba na ɗasawa da shi tun ranar da ya ɗauke ni baki buɗe ina faɗa da mai gawayi. Duk da haka ni na aika aka kira shi.

Ya zo, ya cire takalmi, ya leƙa fuskar mamacin, ya zauna a bakin ƙofa yana ta danna kyamararsa. Masu dako, mahauta, direbobin keken yalo-yalo, duk suka wuce ta gabanmu a cikin hotunan. Can ya tsaya.

"Ga shi. Tashar Aboabo, bara."

Baba Buraima ne zaune a benci, yana kallon motocin Bawku.

"Ya faɗa maka sunan garinsu?" na tambaye shi.

"Mma Adijatu, ni ba na tambaya suna. Na ce zan ɗauka, ya ce to."

Aikin ke nan, ka kwashi fuskar mutum ka bar sauran. Amma tsagen kumatunsa ya fito sarai, kuma Yazeed ya tura hoton ga direbobin Bawku. Kafin azahar wayarsa ta yi ƙara. Wata tsohuwa ta gane ɗan'uwanta, ta miƙa wa 'yarsa wayar. Sunanta Zuleiha. Yazeed ya buɗe muryar kowa ya ji.

"Don Allah ku jira ni. Ina goye ya bar gida. Ban san fuskarsa ba, ina so na gani da idona. Yanzu zan shiga lori."

Afa ya shafa gemu. "To, sai ta yi sauri."

Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka bar fuskar ba a ɗaure ba. Muka zauna. Mata suka ci gaba da tsince shinkafar sadaka. Aka yi la'asar Zuleiha ba ta zo ba, Afa ya ce a ƙara kaɗan, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Sai ta sake kira, motarsu ta lalace a Walewale. Afa ya dubi rana, ya shiga ɗakin da kansa ya ɗaure likkafanin. Maza suka ɗauka. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin tsohon, har na rasa wanne ya fi.

Bayan magariba ta iso da ƙaramar jaka. Babbar mace ce, ta kusa sa'ata. Ba ta yi kuka ba. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, ta ce a nuna mata ɗakin.

Yazeed bai tafi ba. Ya durƙusa ya miƙa mata kyamarar.

"Ɗaya kawai na tura, amma na ɗauka da yawa a jere. Danna nan."

Ta zauna a kan tabarmar uban ta danna. Yana kallon motoci. Ta sake dannawa, ya ɗan juyo da kai. Ta danna, ya ƙara juyowa. A na ƙarshe ya dubo ta sosai, gira a ɗage, bakinsa ya ɗan buɗe zai yi magana.

Hasken kyamarar ya mutu da kansa. Ta taɓa, ya dawo.