Allo na Talatin da Biyu

"Ki ce masa na mutu," in ji Tjalling.

"Ga shi nan tsaye bakin ƙofa, yana jinka," in ji Aukje, matarsa.

"Madalla. Ya ji daga bakin mamacin."

Rinse ya rufe littafin da yake karanta wa maƙwabcin nasa, ya bar yatsa a tsakiya. Tun da aka sauko da gadon Tjalling falo, kullum da hantsi yakan shigo ya yi masa karatu. Shekara talatin Rinse ya yi yana kula da ɗakin karatu na garin, bai taɓa ganin ƙeyar Tjalling a can ba. Sai yanzu da ƙurar katako ta gama cinye masa huhu, ba ya iya tashi ya gudu. Shi kuwa Rinse, tun rasuwar matarsa ba mai jiransa a gida sai agogo.

Baƙon ya shigo da hula a hannu. Hidde ne, manajan kamfanin ƙera jiragen ruwa da ke ƙetaren mashigi, wanda rumfarsa ta tare wa unguwar rana tun kafin a haifi rabin mutanenta.

"Maigida, ya jikin?"

"Ba jikin ya kawo ka ba. Faɗi."

Kowa a garin ya san maganar. Jirgin shaƙatawa ne mai lamba 212, ko suna ba a raɗa masa ba. Attajirin da ya sa a ƙera shi ya janye lokacin da kasuwannin duniya suka durƙushe, jirgin ya shekara biyu a rumfa, naɗe cikin leda kamar gawa. Cikin ma'aikata ɗari uku, sittin suka rage. Yanzu an sami wani mai saye, amma ba ya son katako a ɗakin kwanansa. Farar fatar dabba yake so a manna, bango da rufi, kuma ya ba da mako uku.

Ɗakin nan shi ne aikin kafinta na ƙarshe da Tjalling ya yi wa kamfanin. Allon katako arba'in da huɗu, duk daga bishiya guda, zanen jikin kowanne yana shiga na kusa da shi kamar ruwa mai gudu. Ba ƙusa, ba gam. Kowane allo ya kulle na bayansa, sai an san na farko da na biye kafin su fita. Tjalling bai zana a takarda ba, don bai yarda da mutanen ofis ba.

"Jerin kawai nake so," in ji Hidde. "Wanne ne na farko, wanne ke bi."

"Wata goma sha huɗu na yi a ɗakin nan."

"Na sani."

"Farar fata. Mutum zai kwana cikin jakar mata."

"Kuɗinsa ne, maigida. In ya ce a manna fatar kifi, mannawa za mu yi. In mako uku ya cika ba mu gama ba, ya tafi, mu rufe. Mutum sittin. Har da mijin 'yarka."

"Wannan ko an rufe ba zai lura ba, barci yake."

Aukje ta ajiye kofi a kan tebur da ƙarfi har ya fantsala. Ta koma kicin. Tjalling ya juya fuska bango, robar iskar da ke hancinsa tana huci. Hidde ya sha kofinsa a tsaye, ya tafi.

Washegari Rinse ya buɗe littafi, Tjalling ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Kai da ka karance duniya, me ka ce?"

"Na ce ba wanda ya taɓa ganin ɗakin sai kai da leda."

"Ka zo ganin mara lafiya ne ko ka zo ƙarasa shi?"

"Maƙwabci, shekara arba'in kana gyara wa mutanen da ba su san sunanka ba wurin da za su yi amai in teku ta tashi. Yau ne abin ya fara yi maka ciwo?"

Tjalling ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe har Aukje ta leƙo daga kicin. Amma bai ba da jerin ba. Kwana biyar suka wuce a haka. Mata a shagon burodi suka daina gaida Aukje da kyau. 'Yarsu ta zo ranar Lahadi, ta wanke kwanuka, ta tafi ba ta zauna kusa da gadon ba.

Ranar Litinin Hidde ya dawo, wannan karon hular tana kansa.

"Na zo ne kada ka ji a bakin wani. Gobe da safe za mu sa ƙarfe mu ɓamɓare allunan."

"Ta ina za ku fara?" in ji Tjalling, idonsa a rufe.

"Ta gefen ƙofa."

Idon ya buɗe. "Bututun ruwa na bayan wannan. Da wayoyin jirgin gaba ɗaya. Ku taɓa shi da ƙarfe, ku yi wata uku kuna gyara."

"To ta gefen taga."

"Jaki. Ni na koya maka riƙe guduma, ashe a banza." Ya ja numfashi da kyar. "Fita, ba na son ganinka. Rinse, ɗauko biro."

Takarda ba ta kusa, sai Rinse ya yaga farin shafin ƙarshen littafin, abin da da can zai iya korar mutum daga ɗakin karatu a kansa.

"Na ɗaya. Ƙasan madubi, hagu. A tura sama, ba a ja."

A hankali abin ya tafi. Bayan kowane allo sai Tjalling ya huta. Wani lokaci yakan ɗaga hannu yana shafa iska, yana bin bangon da babu shi, kafin ya faɗi na gaba. Aukje ta kawo miyar wake ta huce a kan tebur. Da azahar suna na goma sha tara. Ya yi barci awa guda, ya farka yana faɗa wai an bar shi ya ɓata lokaci.

"Na talatin da ɗaya. Saman gado, tsakiya. Mutum biyu su riƙe, yana da nauyi."

"Na rubuta."

"Na talatin da biyu."

Rinse ya jira da biro a kan takarda. A waje wani ya wuce a keke. Robar iska ta ci gaba da hucinta. Da Rinse ya ɗago, bakin Tjalling a buɗe yake, hannunsa ya sauka a kan bargo, ƙirjinsa ya daina motsi.

Ya kira Aukje. Sannan ya sa rigar ruwa, ya haye gada, ya miƙa wa Hidde shafin.

"Saura goma sha uku," in ji Hidde.

"Ka je ka tambaye shi."

Allo talatin da ɗaya suka fita lafiya, ko ƙwarzane babu. Sauran an sa musu ƙarfe, aka fasa ƙaramin bututu guda, aka gyara cikin kwana biyu. Mai saye bai janye ba. Mutum sittin suka sami aiki zuwa bazara, bayan nan ba wanda ya yi alkawari. Rinse ya je ya gani da idonsa: allunan, masu lafiyar da fasassun, duk mota ɗaya ta kwashe su, zuwa inda ake ƙona shara.

Da ya dawo ya tarar da Aukje a tagar falo, tana turo katifar Tjalling waje ta sha iska.

"Sun fita da kyau?" ta tambaya.

"Duka."

Ta gyaɗa kai. Ta daidaita katifar a kan dakalin taga, ta bubbuga ta sau biyu da tafin hannu, ta koma ciki. Rinse ya tsaya a titi da makullinsa a hannu. Har yanzu akwai lotsawa a tsakiyar katifar, daidai tsawon mutum.