Wuyan Dakta Armiya'u

Sanƙarau ciwon cunkoso ne, mai digiri uku kuwa ba ya shiga cunkoso. Haka Dakta Armiya'u ya bayyana a bakin asibitin makaranta, yana tsaye cikin babbar riga. Tun shigowar bazara ciwon ya faɗa ɗakunan kwanan ɗalibai, ga su nan sun yi layi har gindin darbejiya suna jiran allurar rigakafi.

Malam Hashimu, maƙwabcinsa a gidajen malamai, ya fito yana murza dantse.

"Ranka shi daɗe, shiga mana. Ko zahi babu."

"In tuɓe riga gaban yaran da nika kayarwa a jarrabawa? A iske ni ofis."

Mai allura ta ce tana tafe. Kafin azahar allura ta ƙare.

Da wuyan Dakta ya sanƙare, ba wanda ya lura, domin shekara da shekaru ba ya waiwayawa in an gaishe shi. Ya rufe tagogi saboda haske na damunsa, aka ce nazari yake. Ya fara sambatu a taron malamai, aka samu wanda ya miƙe ya goyi bayan shawarar.

Matarsa Ramatu ce ta gane. Ta leƙo ta katanga.

"Malam Hashimu, maƙwabcinka ba lahiya. Yau sannu da aiki ya ce mini."

Hashimu ya saɓe shi a kafaɗa ya sa a mota, jikin kamar garwashi. Sun fita daga Ƙaura ke nan, sun kama hanyar asibitin Gusau, Dakta ya buɗe ido.

"Hashimu, ɗalibai sun gan ni?"

"An ruhe makaranta tun shekaranjiya, duk sun tahi gida."

"Madalla."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Aka dawo da gawarsa washegari, aka kai shi makwancinsa da mutum ɗai-ɗai.

Hashimu ya ari tabarmin masallaci, ya shimfiɗa a ƙofar gidan don zaman makoki. Malamai suka zo, kowa cikin motarsa. Sukan rage gudu, su ɗaga hannu ta bayan gilashi, su wuce. Shugaban sashe ya fi kowa ƙoƙari: ya tsaya a tsallaken titi ya kira shi a waya.

"Allah shi jiƙanai. An yi rashin babban mutum. Kai kuma, tunda ka taɓa shi, ka huta gida tukun."

Da rana Ramatu ta turo tiren tuwo ta zaure, wanda zai ishi mutum ashirin. Daga bayan ƙyaure ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, mutane na zuwa kuwa?"

"Ba su yankewa," in ji Hashimu.

Ya ja tabarmarsa kusa da ƙofa, inda za ta riƙa ji. Titi fayau, sai wata akuya tana cin takarda. Ya gyara murya.

"Amin, amin. Mun gode. A sauka lahiya."

Ya ɗan jira, sannan ya sake faɗa.